Babu Daƙiƙi A Aji Ɗaya

Ra'ayin ɗaliban ajin fita, sashen kwaleji

  

Al'ada ce a ba ƴan ajin fita shafi a littafin shekara su faɗi abin da ke ransu kafin su tafi. Galibi akan yi godiya, a yi wa na baya nasiha. Mu bana mun zauna mun yi shawara, muka ga gara mu ba da shafinmu ga waɗanda ba su iya rubutu ba tukuna balle su kare kansu, wato ƙannenmu ƴan aji ɗaya, ajin da a lakwal ake ce wa CI. Maganarmu guda ce: a daina kiran yaron da ke shekararsa ta farko daƙiƙi, a daina jera shi na ɗaya ko na ƙarshe, a kuma ajiye bulala a bakin ƙofar ajinsa. Ga dalilanmu.

Mu fara ƙirga kayan da ke kansa

Madarasa irin tamu, mai haɗa Larabci da Faransanci, ta daɗe a Nijar. Ta farko a garin Sayi aka buɗe ta tun 1957. Amma har yau ba a cika tsayawa a ƙirga abin da take nema wurin yaro ɗan shekara shida ba. To bari mu ƙirga tare.

Larabci yana da baƙaƙe 28, kuma yawancinsu kama huɗu gare su: yadda baƙi yake a farkon kalma daban, a tsakiya daban, a ƙarshe daban, in yana tsaye shi kaɗai daban. Shida daga ciki, wato alif da dal da zal da ra da zai da wau, ba sa kama hannun wanda ke biye da su. Ba da ta da sa da nun da ya kuwa, in suka zo a farkon kalma, duk ɗan haƙori guda ne, ɗigo kaɗai ke raba su: ɗaya ne ko biyu ko uku, a sama yake ko a ƙasa. Kafin yaro ya gama da wannan, ga wasulla na jiran sa, ga ɗauri, ga shadda, ga madda.

Faransanci kuma haruffa 26 ne, kowane da babba da ƙarami, kowane da irin na littafi da irin na haɗi wanda mushe ko madam ke rubutawa a babban allo. Wannan daga hagu yake tashi, wancan daga dama. Ta inda ake buɗe littafin Larabci, nan ne ƙarshen na Faransanci. Ke nan da safe a ce wa yaro fara daga nan, bayan an sha iska a ce masa a'a, daga can.

Lissafi ma bai ƙyale shi ba. A lambobin Larabci biyar ɗan zobe ne, shi kuwa ɗan zoben nan a lambobin lakwal sifiri ne. Shidan Larabci kamar bakwai ɗin lakwal yake, huɗun Larabci kuma kamar uku da ta juya baya.

Kada kuma mu manta, da yawa daga cikin yaran nan da asuba ko da almuru suna makarantar allo. Can ruwayar Warshu ce da rubutun Magaribi, nan kuma galibi ruwayar Hafsu ce da rubutun ɗab'i na Gabas. A allonsa, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama. A littafin madarasa, mai ɗigo ɗaya a sama ita ce fa, ƙaf ɗigo biyu gare ta. In ya ce ƙaf a nan a ce ya yi kure, in ya ce fa a can a ce ya yi kure, alhali kowace amsa malami ne ya koya masa ita. Tun a Fatiha ma akwai kalmar da Hafsu ke ja, Warshu bai ja ba. Yaron da ya rikice a nan, don Allah jama'a, laifin ƙwaƙwalwarsa ne?

Sannan ga baki da kunne. Akwai sautukan Larabci da babu su sam a Hausa, kamar ainun da ke fitowa daga can cikin maƙogwaro. Faransanci ma yana da nasa, kamar v, da u ɗin nan da ake tsuke baki. Kunnen da ya shekara shida yana jin Hausa bai saba raba v da b ba, shi ya sa yaro zai ce belo yana nufin velo, kuma shi a kunnensa daidai ya faɗa. Duk wannan aiki cikin harsuna biyu ne da ba ko ɗaya da ake yi a gidansu. Wani ma ko Hausar ba ita ce ta ɗakin uwarsa ba, Barbarci ne ko Fillanci ko Buzanci.

Da a ce an ɗauko dattijon da bai taɓa karatu ba aka ce masa ga wata tara, ka iya duk wannan, wallahi da sai ya ce a yi masa afuwa.

Abin da ke faruwa a jikinsa da kansa

Masana lafiya sun ce ƙwaƙwalwar ɗan shekara shida ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Sai dai sashen da ke bayan goshi, mai kula da haƙuri da danne zuciya da tsayawa kan abu ɗaya, shi ne na ƙarshen nuna. Sai mutum ya haura shekara ashirin yake kammala. Don haka in yaro ya kasa zama sa'a guda bai motsa ba, ba rashin kunya ya yi ba. Mintoci kaɗan hankalinsa ke tsayawa wuri ɗaya ya tashi, sai an sake kamo shi da wani abu.

Ga kuma juya harafi, abin da ya fi jawo wa yaran nan duka. Yaro ya rubuta d a wurin b, ko q a wurin p, ko ya juya 3 ta dubi baya. Dalilinsa kuwa abin sha'awa ne. Tun yana rarrafe idonsa ya koyi cewa moɗa moɗa ce, ko mariƙinta na dama ko na hagu. Akuya akuya ce, ko ina ta fuskanta. Da wannan ilimi ya gane duniya. Ranar da ya shiga aji sai aka ce masa a nan doka ta canja: in cikin harafin ya dubi dama b ne, in ya dubi hagu d ne. Sai ya warware abin da ya shekara shida yana saƙawa. Yara a ko'ina cikin duniya suna wannan juyi har wajen shekara bakwai, kuma yakan wuce in ana ta gwadawa. Balle namu da ke rubutu ta fuska biyu.

Sai batun shekaru. A aji guda akwai wanda bai gama cika shida ba, akwai wanda ya haura bakwai, tun da ba kowa ke da takardar haihuwa ba. Mun san tsohuwar dabarar nan ta a ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa, in ya taɓo ya isa shiga. Shekara ɗaya a wurin babba ba wani abu ba ce, amma ga ɗan shida, kashi ɗaya cikin shida ne na duk zamansa a duniya. Hannun babban ya riga ya iya riƙe alli, yatsun ƙaramin ba su gama ƙwari ba. In aka jera su a watan Disamba aka ce wannan na ɗaya, wannan na saba'in, sau da yawa watannin haihuwa aka jera, ana zaton basira ce.

Lafiya fa? Ana komawa makaranta a Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro bai gama sakin gari ba. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina na ƴan ƙasa da shekara biyar ne, ɗan aji ɗaya ya riga ya fita daga layin. Yaron da ya sha zazzaɓi jininsa ya ragu zai zauna shiru yana gyangyaɗi, a ce malalaci ne. Wanda kunnensa ke zubar da ruwa ba zai ji bambancin sin da shin daga bayan aji ba. Wanda idonsa ba ya hangen nesa ba ya ganin ɗigo a babban allo, kuma ba zai faɗa ba, domin shi a zatonsa kowa haka yake gani. Likitoci sun ce yaro mai waɗannan shekaru yana buƙatar barcin sa'a 9 zuwa 12. Wanda ya kai sha ɗayan dare yana leƙen wayar yayansa, aka tashe shi da asuba zuwa allo ko layin famfo, me ya rage masa na ƙarfe takwas? Ga wanda ya fito ko koko babu a cikinsa. Mu ƴan Damagaram kuwa mun san hunturun Janairu da ke ƙage yatsu, mun san zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ƙarƙashin rufin kwano.

Cikin duk abubuwan nan da muka lissafa, babu wanda bulala ke warkarwa.

To ta yaya yake koyo?

Kunne ne ke gaba, ido na biye. Kafin yaro ya gane cewa wannan zanen shi ne ba, sai ya fara jin cewa baba da baki da bango da sauti guda suka fara. Wannan kuwa a harshen da ya sani ya fi saurin jin sa. Shi ya sa tatsuniya da kacici-kacici da wasan karya harshe ba ɓata lokaci ba ne a aji ɗaya. Yaron da ya saba bin tatsuniya tun daga farkonta har ƙurunƙus ya riga ya koyi riƙe zaren magana, kuma wannan zaren ne zai riƙe ranar da ya fara karanta layi biyu a jere.

Magabatanmu na makarantar allo sun gane wannan tun da daɗewa. Sun raɗa wa baƙaƙe sunaye na Hausa masu nuna kamanninsu, don kolo ya samu abin kamawa: ambaki, ha mai ruwa, ɗa mai hannu, lam jaye, nun guda. Sun raba tafiyar mataki-mataki, babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan hajjatu. Ba a yi wa yaro ƙari sai ya riƙe na jiya. Kowane da allonsa, kowane da inda ya tsaya, ba a ce dole kowa ya kai wuri guda a rana guda ba. Wannan hikima tamu ce, bai kamata mu bar ta a tsangaya don mun hau benci ba.

Batun harshen gida ma ba baƙo ba ne a garin nan. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara koyarwa da harshen gida, a 1973, kuma binciken da aka yi daga baya kan irin waɗannan makarantu ya nuna yaransu ba su koma baya a Faransanci ba, sun ma fi na sauran makarantu iya karatu. Dalili a fili yake. Dabarar haɗa sauti da harafi sau ɗaya ake koyon ta. In yaro ya kama ta a harshen da yake ji, sai ya ɗauke ta ya kai wa Larabci da Faransanci. Iyayenmu da kakanninmu da suka yi lakwal suna ba da labarin sambol, abin da ake rataya wa wanda ya kuskura ya yi Hausa a makaranta. Yau ga shi tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Bai kamata a ce har yanzu akwai ajin da yaro ke tsoron cewa "Malam, ban gane ba" da harshen uwarsa ba.

Hannu ma yana karatu. Yaro daga babba yake gangarowa zuwa ƙarami: ya zana harafi ƙato da yatsa a rairayi, sannan da alli a ɗan allonsa, daga baya a ba shi kaye da bik ya shiga tsakanin layuka. In aka fara da kaye, sai hankalinsa duka ya tafi wurin riƙon bik, harafin ya kuɓuce. Lissafi kuwa da tsakuwa yake shiga, da ƙwallon dabino, da marafan kwalba. Yarinyar da ke carafke ƙirga take yi. Yaron da aka aika da dala ashirin ya sayo ƙosan dala sha biyar ya san canjinsa dala biyar ne, tun bai taɓa ganin alamar ɗebewa ba. Aikin malami shi ne ya ɗaura alamar a kan abin da yaron ya riga ya sani.

Sannan kaɗan-kaɗan, amma kullum. Minti goma yau, goma gobe, goma jibi sun fi sa'a guda a zama ɗaya, domin barcin da ke tsakaninsu ne ke daddale abin a kai. Mahaddata sun san haka, shi ne sirrin tilawa. Ibnu Khaldun, malamin nan haifaffen Tunis da ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa a ba ɗalibi ilimi a hankali gwargwadon abin da zai iya ɗauka, ya kuma yi gargaɗi kan cakuɗa masa fanni biyu lokaci guda. Mu da tsarinmu ya ɗora mana harshe biyu, ai sai mu ƙara sassautawa.

Akwai kuma karatun da ba ya shiga takardar sakamako. Yaron da jiya yake riƙe da zanen uwarsa, yau ya koyi wuni cikin baƙi bai yi kuka ba. Ya koyi neman izni in zai zagaya, ya koyi jiran layi, ya koyi gane takalminsa cikin takalma saba'in, ya koyi ara wa na kusa da shi alli. Duk cikin shekarar nan yake koyon su, kuma a kansu sauran karatun ke zama.

Abin da tsoro ke yi

Kowa a cikinmu ya san wannan: ka riƙe karatu sarai a gida, ka biya wa inna ba gargada, ka zo gaban mai bulala ya tsere. Ba aljanu ba ne. In tsoro ya kama mutum, jiki yana tattara ƙarfinsa wurin gudu ko kare kai, tunani ya tsaya cik. Babba ma haka yake, balle yaro. In abin ya zama na kullum, sai yaron ya koyi wani darasi na daban: kada ka ɗaga hannu, kada ka gwada, ɓuya bayan mai tsawo, motsa baki kawai in ana biyawa tare. Ibnu Khaldun ya taɓo wannan ma, ya nuna cewa tsanantawa ga ƙananan ɗalibai tana kashe musu zuciya, tana koya musu ƙarya da ƴan dabaru don su tsira.

Abin da ya fi damun mu shi ne tsumagiyar da akan miƙa wa babban ɗalibi a ce ya tsare ajin ƙanana in malami ya fita. Ɗan shekara goma sha uku bai san haddi ba, wataƙila ma yana da rikicin unguwa da wan yaron da zai doka. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi kan ladubban malaman yara. Ko shi da bai hana horo gaba ɗaya ba, ya ƙayyade shi, ya hana malami duka cikin fushi, bai kuma so a wakilta yaro ya doki ɗan'uwansa ba. Wannan fa yau fiye da shekara dubu ke nan. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida cewa ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Ko salla, ginshiƙin addini, an ce a fara umartar yaro da ita yana ɗan bakwai, ba a yi maganar hukunci ba sai a goma. Shekara uku na lallashi a kan salla, sannan a kasa yi wa yaro haƙurin wata uku a kan b da d?

Jera yara ma wata bulala ce, wadda ba ta barin shati a baya. Ranar sakamako a kira na ɗaya a tafa, a kira na ƙarshe ƴan aji su yi masa eho. Ga babban ɗalibi wataƙila wannan ya zaburar da shi. Ɗan shida kuwa bai san bambancin "ban iya ba tukuna" da "ni ba na iyawa" ba. Abin da manya suka ce shi ne, shi yake ɗauka ya zama. Sunan ya bi shi gida, ya bi shi unguwa. Kowannenmu zai iya lissafa waɗanda muka shiga aji ɗaya tare da ba su kawo nan ba: wani yana tura jarkokin ruwa, wani yana gareji, wata talla ta ɗauke ta. Sana'a ba abin kunya ba ce. Amma in ka ga yadda wanda aka ce ba ya ja yake kwance injin babur ya mayar bai mance ƙusa ɗaya ba, ka san ba kai ya rasa ba.

Mun san abin da za a ce mana

Za a ce, "Mu da duka muka yi karatu, ga mu nan." Allah ya ƙara wa iyayenmu girma, gaskiya ne sun yi. Sai dai waɗanda suka jure ne ke ba da labarin. Waɗanda suka gudu tun a babbaƙu ba wanda ya ƙirga su.

Za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun yarda. Amma duk wanda ya ga ana tanƙwara icce don rumfa ya san a hankali ake yi, a ɗaure, a bar shi ya saba. In aka yi da ƙarfi, karyewa yake. Ba mu ce a bar yaro ba kwaɓa ba. A kafa masa dokoki kaɗan masu sauƙin ganewa, a tsaya a kansu kullum. In ya yi ɓarna ya gyara, in ya cuci wani ya ba da haƙuri, in ya ƙi a hana shi wasa na ɗan lokaci. Rashin gane harafi kuwa ba laifi ba ne balle a hukunta shi.

Za a ce Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta. A kan yara wannan magana ta sha faɗuwa. Ƴan ɗaki ɗaya, wani ya yi tafiya yana wata goma, wani sai da ya kai sha biyar. Yau in suna tsere a ƙofar gida, wa zai gane wanda ya riga tashi?

Wani uba zai ce, "Ina biyan kuɗi, yaro ya shekara bai yi izu biyu ba." Baba, Alƙur'anin kansa cikin shekara 23 ya sauka. Yaron da ya riƙe surori goma da kyau kuma yana ɗokin ƙari ya fi mai izu biyu da ke ɓuya bayan randa in lokacin makaranta ya yi.

Malamanmu kuma, Allah ya gafarta musu, za su ce yara saba'in, malami ɗaya, ba bulala ina za a sa kai? Wannan uzuri ne na gaske, mun ga wahalarsu da idonmu. Shi ya sa muke ganin aji ɗaya ne ya cancanci malamin da ya fi kowa gogewa da haƙuri, shi ya cancanci ɗakin da ya fi kyau. A wurare da yawa a ƙasar nan manya ake ba ginin siminti, ƙanana a tura su rumfar zana. Ba mu manta gobarar azuzuwan zana ta 2021 ba, a Yamai cikin Afrilu, a Maraɗi cikin Nuwamba, inda ƙananan yara da yawa suka rasu. Allah ya jiƙan su, ya sa masu ceton iyayensu ne.

Roƙonmu

Ga hukumar makaranta, muna roƙon abu huɗu. Na ɗaya, a cire lambar matsayi daga takardar sakamakon aji ɗaya, a rubuta abin da yaro ya iya da abin da ya rage masa: ya san baƙaƙe kaza, yana ƙirga zuwa kaza, har yanzu yana juya b. Na biyu, kada bulala ta shiga ajin, kada kuma a miƙa ta ga ɗalibi ko wane aji yake. Na uku, a bar rubutu ɗaya ya zauna na wasu makonni kafin a shigo da na biyu, ɗayan harshen a fara shi da baki da kunne, a yi bayani da Hausa, a kuma faɗa wa yaran ƙarara cewa fa da ƙaf na allo da na littafi duka daidai ne. Na huɗu, a farkon shekara a gwada ido da kunnen kowane yaro, ko da ta tsayawa daga nesa ce a nuna masa zane, a yi masa raɗa. Wanda aka ga alama a matso da shi gaba, a shaida wa iyayensa su kai shi likita.

Ga iyayenmu: a kwantar da su da wuri, a sa musu wani abu a ciki kafin su fito, ko kokon dala goma ne. In ya dawo a ce, "Zo ka koya mini abin da aka koya maka yau." Kada a auna shi da wansa ko da ɗan maƙwabta. Inna, ko ba ki yi lakwal ba, tatsuniyar da kike yi masa da dare karatu ce. A leƙa makaranta a gaisa da malaminsa tun kafin ranar sakamako.

Ga ƴan'uwanmu ɗalibai da muke bari a baya: kowane babba ya ɗauki ƙanana uku ko huɗu, minti goma sha biyar sau biyu a mako, ku zauna a inuwa ku zana baƙaƙe a ƙasa, ku biya tare. Wannan zai rage wa malami nauyi fiye da tsaron aji da tsumagiya. In kun ji ana kiran yaro da sunan tsiya, ku hana.

In watan Yuni ya zo ana son a san ko aji ɗaya ya yi nasara, a tambayi yaran ko suna son dawowa a Oktoba. Wanda ya ce yana so, sauran karatun na nan tafe, in Allah ya yarda.

 



Ɗaliban ajin fita, Damagaram